Jakar Goyo ta Zamani: Inda Zani Ya Fi Ta, da Abin da Ta Yi wa Kunyar Uba

Jakar goyo ta zamani, wadda ake ɗaure jariri da ita a ƙirji maimakon a baya, ta daɗe da shigowa shagunan kayan jarirai na Kano da Kaduna da Abuja, amma har yanzu an fi ganin ta a hoton kwali fiye da a jikin mutum. Wadda zan yi bayani a kanta ƙirar ƙasar Sin ce, irin mai faffaɗan maɗaurin ƙugu da igiyoyin kafaɗa biyu, kuma na saye ta a wani shago a Kano bayan an haifa mana 'yarmu ta fari. Mun yi amfani da ita tun daga sanyin hunturu har zafin bazara ya wuce damina ta sauka, saboda haka ta ga kowane irin yanayi da garin nan yake da shi. Hukuncin da na yanke mata kashi biyu ne. Ga uwa mai aikin gida, zani da majanyi sun fi ta nesa ba kusa ba. Ga uba kuwa, wanda al'ada ba ta tanadar masa wata hanya ta ɗaukar jaririnsa na tsawon lokaci ba, babu abin da ya kama ƙafarta, ko da yake zai biya kuɗinta sau biyu: sau ɗaya a shago, sau ɗaya kuma a bakin mutane.

Yadin jikinta auduga ce mai kauri, an kuma saka raga a tsakiya daidai inda bayan jariri yake jingina domin iska ta riƙa shiga. Igiyoyin kafaɗar cike suke da soso, ana iya barin su a miƙe ko a gitta su a baya. Maɗaurin ƙugun ya kai faɗin tafin hannu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa jakar ta yi amfani, domin yana sauke nauyin yaro daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta yadda mutum zai yi doguwar tafiya ba tare da wuyansa ya ƙage ba. Akwai 'yar hula da ake rufe kan jariri da ita idan ya yi barci, da wani aljihu a gaba wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce hankici da makulli. Manyan kamfanoni irin su Ergobaby suna rubuta cewa irin wannan samfuri yana ɗaukar yaro daga kilo 3.2 zuwa kilo 20, kuma kwalin tawa ma kusan abin da ya kwaikwaya ke nan. Ban ba wa wannan iƙirari muhimmanci ba, domin yaro mai kilo 20 ya kai shekarun shiga firamare, kuma ɗinkin da na gani a inda igiya ta haɗu da jikin jakar bai yi kama da wanda aka yi don irin wannan nauyi ba.

Takardar bayanin da ke cikin kwalin da Turanci da Sinanci aka rubuta ta, hotunanta kuma ƙanana ne ainun. Mai shagon ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya kuma bar ni na buɗe kwali na duba kafin na biya, wanda ba kowane ɗan kasuwa ne yake yarda da haka ba, amma ɗaura ta a jiki ya gagare shi nunawa. Tambayar da ya fara yi mini ita ce, "Yallaɓai, Hajiya ce za ta riƙa sawa ko?" Da na ce masa ni ne, sai ya yi dariya, ya ce ai shi duk waɗanda yake sayar wa mata ne, yawanci ma don a zuba a kayan barka. Babbar matsalar ɗaurawar ita ce wani ɗan maɓalli da ke haɗa igiyoyin biyu a tsakanin kafaɗu ta baya, wanda sai mutum ya saba ƙwarai kafin ya iya kama shi shi kaɗai yana riƙe da jariri da ɗaya hannun. A kan kaftani tana zama daidai, sai dai ta yamutsa guga. A kan babbar riga kuwa ba ta ɗauruwa sam.

Tarihin wannan kaya yana da ban dariya ga duk wanda ya tashi a Afirka ta Yamma. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Ann Moore ta yi aikin sa-kai a ƙasar Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata suke goya 'ya'yansu suna harkokinsu, yaran kuma suna kwance lafiya lau. Da ta koma gida ta haihu, ita da mahaifiyarta suka ɗinka wata jaka da za ta yi wannan aiki, aka sa mata suna Snugli, aka kuma yi mata rajistar mallakar fasaha a 1969. Kamfanin BabyBjörn na ƙasar Siwidin ya fitar da tasa a 1973. Wato dabarar daga wajen iyayenmu mata aka ɗauke ta, aka kai ta ƙetare aka yi mata maɓallai, sannan aka dawo mana da ita a kwali da farashin da yake hawa da sauka tare da dala. Abu ɗaya ne muhimmi ya canza a wannan doguwar tafiya, shi ne yaron ya tashi daga baya ya koma gaba, inda fuskarsa take kallon fuskar mai ɗauke da shi.

Maiɗakina ta gwada ta, ta kuma ajiye ta ba da jimawa ba, kuma dalilanta ba su da abin musu. Kafin a gama daidaita igiyoyin jakar, ita ta riga ta sunkuya ta azo yarinyar a baya, ta ja zani, ta ɗaure da majanyi, ta kama aikinta. Mai goyo a baya tana iya shara da wanki da daka da tuƙa tuwo, domin gabanta a buɗe yake kuma yaron yana nesa da wuta. Mai ɗauke da yaro a ƙirji ba ta ganin ƙafafunta, ba ta iya sunkuyawa sai dai ta durƙusa, kuma kusantar murhu ko tukunyar mai a wannan hali ganganci ne tsagwaronsa. Gaskiya ne jakar tana juyuwa ta koma ta baya idan yaro ya fara zama da kansa, wajen wata shida, amma a nan ma zani ya fi ta sauƙi, ya fi ta saurin bushewa idan an wanke, kuma babu gidan da ba shi da shi. Akwai kuma batun hijabi. Idan mace ta ɗaure jariri a gaba sannan ta zura dogon hijabi a kai, ta rufe fuskarsa ke nan cikin zafi da ƙarancin iska, ita kanta ba ta ganin halin da yake ciki, wanda hakan ya saɓa wa wata babbar ƙa'ida ta amfani da wannan kaya.

Zafi shi ne babban aibinta. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi a Kano yake haura digiri 40, ragar nan da aka yi talla da ita ba ta tsinana komai, domin gumin ba daga bayan yaro yake fitowa ba, daga tsakanin ƙirji biyu da suka manne da juna yake fitowa. Sosan igiyoyin yana shan gumi, yana kuma daɗewa bai bushe ba. Mun ga ƙurajen zafi a wuyan yarinyar a wannan lokaci, dole muka taƙaita amfani da jakar zuwa sassafe da bayan sallar la'asar sakaliya. A hunturu kuwa labarin ya sha bamban, domin ɗumin jikin babba yana wadatar da jariri fiye da tarin rigunan sanyi, hular kuma tana tare ƙura gwargwadon hali.

Ba zan wuce batun haɗari da sauri ba, domin shi ne abin da takardar bayanin ta yi wa riƙon sakainar kashi. A 2010 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta sanar da janye kimanin miliyan ɗaya na wata irin jakar goyo mai zurfi, wadda jariri yake kwanciya a lanƙwashe a cikinta, bayan mutuwar jarirai uku ta hanyar toshewar numfashi. Jariri ɗan ƙasa da wata huɗu ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗaga kansa, saboda haka idan haɓarsa ta manne da ƙirjinsa, ko hancinsa ya nutse cikin yadi, numfashinsa yana iya tsayawa ba tare da ya yi ko da kuka ba. Daga nan ne masu wannan sana'a a Birtaniya suka yaɗa wasu ƙa'idoji guda biyar: a ɗaure tamau, fuskar yaro ta kasance ana ganin ta a kowane lokaci, haɓarsa ta rabu da ƙirjinsa, bayansa ya samu abin jingina, sannan kansa ya kasance kusa da haɓar mai ɗauke da shi ta yadda da ya sunkuyar da kai kaɗan zai iya sumbatar sa. Likitocin ƙashi kuma suna son cinyoyin jariri su buɗe, gwiwoyinsa su ɗan fi mazauninsa tsayi, domin gaɓar ƙugunsa ta ginu daidai, wanda shi ne zaman da goyon zani yake bayarwa tun asali. Jakar da nake magana a kanta ta ci wannan jarrabawa, domin mazauninta yana da faɗi daga gwiwa zuwa gwiwa, saɓanin wasu masu araha da ke shagon waɗanda ƙafafun yaro suke reto a cikinsu. Kada kuma wani ya ɗauka cewa don ya ɗaure yaro a ƙirji zai iya hawa babur da shi ko ya tuƙa mota.

Ƙa'idar nan ta kusancin sumba ita ce ta kai ni ga abin da ya sa na ga ya dace a yi dogon rubutu a kan jaka. An gina wannan kaya ne a kan zaton cewa mai ɗauke da yaro zai riƙa kallon fuskarsa, yana yi masa magana, yana sumbatar kansa a gaban kowa. Mu kuwa mun tashi a inda yin haka, musamman ga ɗan fari, ake ɗaukar sa rashin kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ma ba ta amsa cewa nata ne idan baƙo ya tambaya. Ba ta yi masa wasa idan surukai suna wurin, wata har shayar da shi a gaban manya sai an matsa mata. Uba kuma yakan wuce ɗansa a zaure kamar bai gan shi ba idan akwai dattawa zaune. Wannan ba sabon abu ba ne, domin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan kunya ta ɗan fari da kuma yadda dangi suke karɓar yara riƙo a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa. A wajen Fulani abin ya fi haka tsanani, domin kunya tana cikin ginshiƙan pulaku, wato ɗabi'un da ake son Bafulatani ya riƙe.

Masu cewa iyayen Najeriya ba sa nuna ƙauna suna auna mu ne da runguma da furta kalmar so, kuma da wannan ma'auni lallai da yawa daga cikinmu mun girma ba mu taɓa jin mahaifinmu ya faɗi irin wannan kalma ba. Sai dai ma'aunin yana barin abubuwa da yawa a waje. Jaririn Bahaushe yana manne da jikin uwarsa kusan yini guda, yana kwana a gefenta, yana shan nono har wajen shekara biyu, abin da yaran ƙasashen da suke yi mana wa'azin runguma ba kasafai suke samu ba. Abin da kunya ta hana uwa da uba, al'ada ta miƙa shi ga wasu. Kaka tana kiran jikanta mijinta, tana tsokanar sa, tana ɓoye masa ƙosai, kuma sau da yawa a ɗakinta ake yaye shi. Goggo da inna da yayye su ne masu tawai da kirari da waƙar rarrashi. Yaron da ya ci sunan kakansa ana ce masa Abba ko Baffa, yarinya a ce mata Ummi ko Mama, sai girmamawar da ake yi wa mai sunan ta zubo a kanta. Uba kuma yana magana da tsarabar kasuwa, da ɗinkin sallah, da tsokar naman da yake ragewa a kwanonsa ya tura wa auta, da tashi tsakar dare neman abin hawa idan zazzaɓi ya yi zafi. A ƙasar Yarabawa uwa tana rera wa ɗanta oriki, wato kirarin zuriyarsa, don ta kwantar masa da hankali, ko da yake shi ɗin zai kwanta ƙasa ya gaida mahaifinsa da safe. A ƙasar Ibo kuma kaka ce take tarewa gidan mai jego don al'adar omugwo, kamar yadda mace a wajenmu take komawa gida goyon ciki da wankan jego. Kowace al'umma a ƙasar nan tana da inda ta ajiye tausayinta, sai dai kusan dukkansu sun yi tarayya a kan cewa uba shi ne mai kwarjini, ba mai raino ba.

Akwai hikima a bayan wannan tsari wadda bai kamata a raina ba. A gidan da yake da matan aure fiye da ɗaya da 'ya'ya da yawa, uban da ya ɗauki ɗa ɗaya yana yi masa wasa a tsakar gida ya kunna wutar da za ta daɗe tana ci, saboda haka kame kai wani nau'i ne na adalci. Akwai tsoron baki da kambun baka, wanda ya sa ba a son yawan yabon yaro a fili. Akwai kuma tsoron sangarta, wanda aka dunƙule a karin maganar nan da ke cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi. Matsalar ita ce an ƙera tsarin ne don babban gida mai kaka da goggo da matan 'yan'uwa, alhali yawancin matasan da suke aure yau a birni suna zaune ne su biyu a gidan haya, kakar tana wata unguwa ko wani gari. Idan uba ya ci gaba da kame kansa a irin wannan gida, babu wanda zai cike gurbin da ya bari, sai dai uwa ta haɗa rainon da aikin gida ita kaɗai, yaron kuma ya tashi yana jin muryar mahaifinsa a lokacin faɗa kawai.

A nan ne jakar ta yi aikin da ba a rubuta a kwalinta ba. Namiji ba ya ɗaura zani ya yi goyo, kuma riƙe jariri a hannu yana gajiyar da mutum cikin ɗan lokaci, shi ya sa ɗaukar da yawancin iyaye maza suke yi ba ta wuce a miƙo musu yaro su ɗan jijjiga shi su mayar da zarar ya motsa baki. Da wannan jaka kuwa uba yana iya ɗaukar yaro tsawon lokacin da uwa za ta yi wanka ta ci abinci ta ɗan runtsa, hannayensa biyu kuma a sake. Saboda kayan yana da igiyoyi da maɓallai, yana kama da kayan aiki, kuma na lura wannan kamanni yana rage wa namiji nauyin abin a ransa. Abin da na samu a ciki shi ne sanin yarinyar. Na gane bambancin kukan yunwa da na barci tun kafin ya fito, daga yadda take motsi a ƙirjina, ta kuma saba da muryata har takan yi shiru idan ina karatu a hankali ina zagaya tsakar gida. Mutumin da kan 'yarsa yake ƙarƙashin haɓarsa ba ya buƙatar a yi masa lacca kafin ya sumbace ta.

Likitoci ma suna da abin faɗa a kan ƙirji. A 1978 wani likitan yara mai suna Edgar Rey, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, ya fara sa iyaye mata su manna bakwainin jariransu a ƙirji fata da fata saboda ƙarancin kwalaben renon jarirai a asibitinsu. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda aka gudanar a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife a nan Najeriya, ya nuna cewa fara wannan manni nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu ƙarancin nauyi da kimanin kashi 25 cikin ɗari, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta a hukumance, tare da bayanin cewa uba ko wani ɗan'uwa yana iya karɓar uwa. Wannan ba ya nufin a saka bakwaini a jakar kasuwa, domin ba don shi aka yi ta ba, kuma nasa tsarin a hannun ma'aikatan asibiti yake. Na kawo shi ne don a san cewa ɗumin ƙirjin uba ba shagwaɓa ba ne.

Sauran kuɗin kuma, kamar yadda na faɗa, a bakin mutane ake biyan sa. A cikin gida babu wata damuwa, amma fita da ita ƙofar gida ko zuwa kanti yana jawo kallo, kuma cikin abokai ba a rasa mai jefa kalmar mijin-ta-ce cikin raha. Abin lura shi ne mata sun fi maza sakin fuska, tsofaffi maza kuma sun fi matasa kawar da kai. Mahaifiyata, da ta fara gani na da ita, cewa ta yi, "Kai yanzu ko kunyar idona ba ka ji? 'Yar fari ce fa." Na ce, "Hajiya, ai ke na rage wa aiki." Ta ce a kwance mata kishiyarta a ba ta, ta kuma goya ta da zani a nan take, yarinyar ta yi barci kafin a gama gaisawa. Tun daga lokacin ba na saka jakar a gidanta ko a gidan surukaina, kuma ina ganin haka ne daidai, domin a can akwai hannayen da suka fi nawa iya raino, kunyar kuma tana da ma'anarta a wurin. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya mayar da ɗaukar 'yarsa fagen nuna wa iyayensa wayewa ba.

Ga wanda yake ganin abin baƙon al'ada ne da ya ci karo da addini, hujja ba ta tare da shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, sai Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya kuma tabbata cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Malamanmu suna karanta waɗannan hadisai a majalisai, mu ma muna jin su tun muna yara, amma kunyar gargajiya ta fi su tasiri a tsakar gidajenmu. Hukuma ma ta fara motsawa ta wannan fuska, domin a 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatan gwamnatin tarayya maza idan an yi musu haihuwa, ko da yake a wajenmu rabin wannan hutu hidimar suna ce take cinye shi.

Bai kamata kuma a ɗora wa jaka abin da ya fi ƙarfinta ba. Amfaninta yana ƙarewa ne wajen lokacin yaye, alhali tazarar da ke tsakanin iyayenmu maza da 'ya'yansu ba a jarirantaka ta fi faɗi ba. Ta fi faɗi ne daga lokacin da yaro ya shiga makaranta, ya koma gaisuwa daga nesa a durƙushe, har ya zama saurayin da yake aika mahaifiyarsa ta faɗa wa mahaifinsa abin da ke damun sa. Mutum yana iya sayen jaka mafi tsada, ya ɗauki hoto da ita ya saka a Instagram, sannan ya zama uban da yara suke watsewa idan sun ji ƙarar motarsa. Haka kuma akwai dattawa da yawa da ba su taɓa ɗaukar jariri ba, amma 'ya'yansu ba su taɓa shakkar matsayinsu a zuciyarsu ba. Abin da zan iya shaida a kai shi ne jakar tana sa sabo ya fara da wuri, kuma wanda ya saba da riƙe yaro tun yana tsumma ya fi samun sauƙin ci gaba da jan sa a jiki idan ya girma.

Ta fuskar ƙarko, yadin bai kode ba duk da yawan wanki, maɓallan ma ba su saki ba, amma zaren da ke gefen aljihun ya fara warwarewa, kuma sosan kafaɗa ɗaya ya lotsa fiye da ɗayan. Wanki da hannu da sabulu marar ƙarfi ya fi dacewa da ita, a kuma shanya ta a inuwa, domin rana tana busar da roba har ta yi saurin karyewa. Ban ba da shawarar a saya wa mai jego ita a matsayin kayan barka ba, domin turmin atamfa zai fi yi mata amfani, sai fa idan ma'aikaciya ce mai yawan tafiya ta tashar mota ko filin jirgi, inda ganin yaro a gaba ya fi kwanciyar hankali cikin cunkoso. Wanda ya kamata ya saya shi ne uban da yake zaune da iyalinsa su kaɗai, kuma ya je shagon da kansa domin a gwada a jikinsa, tunda maɗaurin wasu samfuran ba ya zagaye mai ƙiba. Ya ja kowace igiya da ƙarfi ya duba ɗinkin da ke gindinta, ya buɗe kowane maɓalli ya rufe ya ji ko yana kamawa da kyau, ya kuma tabbatar mazaunin yana da faɗin da zai tallafi cinyoyin yaro har zuwa gwiwa. Idan ta gwanjo ce, wadda sau da yawa takan fi sabuwar mai araha inganci, to a ƙara duba robar maɓallan da kyau a cikin haske, domin tsagewarta siririya ce kuma ba ta bayyana sai an lanƙwasa ta.